Kayan Lakwal na Ƙaramin Yaro: Mi Za Mu Saya, Mi Za Mu Bari?

Muna gaida ɗaliban yaƙi da jahilci, maza da mata, tare da malamansu. Yau gaisuwarmu ta musamman tana zuwa ga mutanen Gazawa da Gangara, da na Agye da Cadawa, da na Gidan Rumji, Tibiri, Cadakori, Gidan Sori da Saye Sabuwa. Ina gajiya? Ina aikin gona? Allah shi ba mu kaka mai albarka.

Zancenmu na yau kan ƙananan yara ne, waɗanda za su shiga lakwal karo na farko. Ga kaka ta matso, ga buɗe lakwal ya matso. Su biyun wata guda suke zuwa, watau Oktoba. Magidanci shina duban rumbu, shina duban yaro. Mi zai saya? Mi zai bari? Ina kuɗin za su fito? Ku matso kusa da rediyo. Wanda ke da kaye da kiriyon shi ɗauko, don akwai lissafi a gaba.

MI NE NE JARDAN?

Jardan ita ce lakwal ta ƙananan yara, masu shekara 3 zuwa 5. Daga nan suke wucewa aji na farko na firamare, wanda ake kira CI. Dokar ilimi ta ƙasarmu, ta ran 1 ga watan Yuni na 1998, ta sa jardan cikin tsarin makarantu. Akwai jardan ta gwamnati. Akwai ta masu zaman kansu. Akwai kuma wadda mutanen gari ke kafawa da kansu, su zaɓi mai kula da yaran.

Mi yaro ke yi can? Shina koyon zama cikin ƴan uwanshi yara. Shina koyon gaisuwa, da jiran layi, da wanke hannu. Shina waƙa, shina wasa, shina zane. Hannunshi shina sabawa da riƙon alli. Shina ƙirga ɗaya, biyu, uku. Idan ya shiga CI, malam ba baƙo ba ne gare shi, allo kuma ba baƙo ba ne. Hausawa sun ce icce tun shina ɗanye ake tanƙwara shi.

Garuruwa da yawa ba su da jardan. In naku ba shi da ita, kada ku kashe rediyo. Abin da za mu faɗi ya shafi yaron da zai shiga CI kai tsaye.

TAMBAYA KAFIN KASUWA

Aiki na farko, ku tafi lakwal. Kada ku fara da kasuwa. Ku gaida darekta, ku gaida malamar da za ta riƙe yaron. Ku ce mata: "Malama, ga ɗana zai shigo bana. Wane kaya kike so shi zo da su?" Za ta faɗa muku, ko ta ba ku takarda.

Ku roƙe ta abu biyu. Na ɗaya, ta faɗa muku sunan ko wane abu da Hausa. Na biyu, ta raba muku kayan kashi biyu: wanda ake so tun ranar farko, da wanda zai iya jira. Ku rubuta da hannunku cikin kayenku. Ga amfanin karatun da kunka yi. Da, sai a miƙa ma ɗan kasuwa takarda, shi karanta, shi zuba abin da ya ga dama. Yanzu ku ne za ku karanta.

Ku tambaya kuma ko an kawo ma lakwal kaya. Wata shekara gwamnati tana aiko da kaye da alli da allo. Ƙungiyoyi irin su UNICEF su ma sukan taimaka. Abin da za a ba yaro kyauta, don mi za ku saye shi? Matambayi ba shi ɓata.

Ku tambayi ranar buɗewa, ku kuma saurari rediyo. Bisa al'ada farkon Oktoba ne. Amma rana tana iya sakewa. A shekarar 2024, saboda ambaliyar ruwa, gwamnati ta ɗaga buɗe makarantu har zuwa ran 28 ga watan Oktoba.

Ko wace lakwal tana da kwamitin gari mai kula da ita, wanda anka fi sani da COGES. Akwai ƙungiyar uwayen yara, akwai kuma ta uwaye mata. In an ce ku ba da gudummuwa, ku tambaya wane taro ya yanke, kuma mi za a yi da kuɗin. Ku biya, ku karɓi takardar shaidar biya, ku aje ta.

TAKARDU BIYU DA BA A SAIDAWA A KASUWA

Ta farko, takardar haifuwa. Ita ke nuna sunan yaro, da sunan uwayenshi, da ranar da anka haife shi. Ana rubuta haifuwa a gidan likita ko wurin mai rubutun gari, takarda kuma ta fito daga ma'aikatar magajin gari. In an daɗe ba a rubuta ba, sai an bi ta wurin alƙali. Wannan shina cin lokaci, shina cin kuɗin mota. Yara da yawa sun yi karatu shekara da shekaru, ran da jarrabawa ta zo anka nemi takarda, babu. Ku nemi ta ɗanku tun yau. Tun shekarar 2011 Gazawa ta zama gunduma mai kanta, ma'aikatu sun matso kusa da mu. Mu yi amfani da su.

Ta biyu, karnen rigakafi. Yaro zai zauna cikin yara masu yawa. Ƙyanda tana son taro. Ku kai karnen gidan likita a duba. In akwai allurar da ta rage, a yi ta.

Takardun ga biyu, ku sa su cikin leda mai kyau, ku aje cikin akwati, inda gara da ruwa ba su kai.

ABIN DA ZA MU SAYA

To, yanzu mu shiga kasuwa. Ga kayan da anka fi nema ga ƙaramin yaro.

Na 1, allo. Allon lakwal baƙi ne, da alli ake rubutu kanshi. Ya bambanta da allon makarantar malam, wanda ake rubutawa da tawada. Yaro shina iya riƙe su duka biyu, ko wane da lokacinshi. Allo shi ne babban kayan aikin ƙaramin yaro. Shi rubuta, shi shafe, shi sake. Kafin ku biya, ku gwada. Ku ja layi da alli, ku shafe. Wani allon roba santsi gare shi, alli ba shi kamawa. Ku duba bakin allon, kada shi zan da kaifi.

Na 2, alli. Kada ku ba yaro kwali guda. Zai karye shi rana ɗaya, ko shi raba ma abokai. Ku aje a gida, ku riƙa ba shi ɗaya ɗaya.

Na 3, kaye. Ƙarami guda ya isa, mai shafi kaɗan. In malama ta ce mai layi biyu, ku buɗe ku gani da idonku. Ku duba ko ruwa bai taɓa shi ba, ko ƙarfen tsakiya bai yi tsatsa ba.

Na 4, kiriyon baƙi guda, da ƴan kiriyon masu launi in an nema. Kwalin mai launi 6 ya isa. Kiriyon mai kyau ba shi karyewa ko wane fiƙi.

Na 5, gorar ruwa mai marfi. Watan Oktoba akwai zafi, kuma ba ko wace lakwal ke da famfo ko rijiya ba. Ku ji da kyau: kada ku zuba ma yaro ruwa cikin gorar da ta taɓa ɗaukar maganin ƙwari, ko maganin ciyawa, ko man fetur. Ko an wanke ta sau goma, guba tana nan cikin roba. Irin wagga gora a fasa ta, a binne.

Na 6, takalmi. Hanyar lakwal akwai ƙaya, akwai ƙarangiya, akwai rairayi mai zafi. Ku tafi da yaron shi gwada. In ba shi zuwa, ku auna ƙafarshi da kara, ku tafi da karan. Ku ƙara faɗin yatsa guda, don ƙafar yaro tana girma.

Na 7, sabulu. Yaro shi wanke hannu kafin cin abinci, da bayan ya zaga. Shi wanke fuska ko wace safiya. Sabulun dala kaɗan shina tare zawo da ciwon ido. Rigakafi ya fi magani.

Zancen riga kuwa, in lakwal tana da kalar yadin da ta zaɓa, ku tambaya kafin ku yanka. In babu, riga mai tsabta ta isa, ko da ba sabuwa ba ce. Ku ce ma tela shi bar kalmasa mai faɗi, a saki baɗi.

ABIN DA ZA MU BARI

Ƴan uwa, kasuwar buɗe lakwal tana da daɗin gani. Ga sak mai hoto, ga mai ƙafar taya, ga akwatin lissafi na ƙarfe. Yaro zai nuna da yatsa, zai yi kuka. Ku daure.

Ɗan shekara 4 ba shi bukatar bik. Ba shi bukatar kaye mai shafi 200. Ba shi bukatar akwatin lissafi, wannan na manyan azuzuwa ne, kuma akwai tsinin ƙarfe cikinshi. Ba shi bukatar babban sak da ya fi bayanshi faɗi. Littafi ma, kada ku saya sai malama ta faɗi sunanshi.

Abu uku kada su shiga sak ɗin yaro ko kaɗan: reza, ashana, da wuƙa. Mu da yawa da reza muke fiƙe kiriyon. To, babba shi fiƙe a gida, ko a sayi ɗan abin fiƙi. Ƙananan abubuwa irin su marfin bik da dutsen wuya, yaro shina sa su a baki ko a hanci. A nisanta su.

Kada mu yi gasa da maƙwabci. In ɗanshi ya zo da sak na jika biyar, Allah shi ƙara mishi. Sak ba shi karatu. Daidai ruwa, daidai tsaki.

ABIN DA GIDA KE IYA YI

Akwai kayan da ba sai an fidda ko dala ba.

Sak: guntun zane mai ƙarfi, ko tsohon wando, uwa ta ɗinka, ta sa igiyar ratayawa. A auna da allo, shi shiga shi fita ba wuya.

Abin shafe allo: guntun tsumma mai tsabta. A huda allon, a ɗaure tsumman da zare, don kada shi ɓace. A hana yaro shafewa da miyau ko da riga.

Abin ƙirga: ga karan hatsi cike da gona. A yanka ƴan sanduna 10, tsawon yatsa, a ɗaure. Ko a tara ƙwallon aduwa manya. Da su yaro zai gane 2 da 3 sun zama 5.

Abin wasa: yumɓu, da motar kara, da ɗiyar tsana ta tsumma. Yaron da ya mulmula saniya da yumɓu, hannunshi ya fara shirin rubutu.

Tabarma: a wata jardan yara ƙasa suke zama. In an nemi tabarma, ta kaba ta gida ta isa.

Allo ma, in kafinta na kusa, shina iya yanka katako mai laushi shi shafa baƙin fenti. In uwaye da yawa sunka haɗu, aikin zai yi sauƙi.

MU YI LISSAFI

Yanzu ku buɗe kaye. Mun san mu da dala muke ƙirga kuɗi, amma lambar da ke rubuce bisa kuɗin daban take. Dala ɗaya ita ce 5. In ka ga lamba, ka raba ta gida 5, sai ka sami dala.

100 ita ce dala ashirin.
250 ita ce dala hamsin.
500 ita ce dala ɗari.
1000 ita ce jika ɗaya, watau dala ɗari biyu.

Ga misali. Kuɗin da za mu faɗi na koyon lissafi ne kawai. Farashin gaskiya sai kun tambaya a kasuwarku. Ku rubuta lamba ƙarƙashin lamba.

Allo: 300
Alli: 100
Kaye: 150
Kiriyon baƙi: 50
Kiriyon masu launi: 400
Gorar ruwa: 250
Takalmi: 750
Sabulu: 200

Ku tara. Nawa kunka samu? Amsa ita ce 2200. Da bakinmu, jika biyu da dala arba'in.

To, a ce an ƙara sak na kanti, na 1500. Sai lissafi shi koma 3700, watau jika uku da dala ɗari da arba'in. Kun gani? Sak guda ya fi rabin kuɗin sauran kayan duka. Uwar da ta ɗinka sak a gida ta tsare ma gidanta jika ɗaya da dala ɗari.

Saura canji. Magidanci ya sayi kayan 2200, ya miƙa takardar 5000. Nawa za a maido mishi? 2800, watau jika biyu da dala ɗari da sittin. Ku ƙirga canjinku nan gaban mai kaya, kafin ku juya baya.

INA KUƊIN ZA SU FITO?

Nan ne zancen ya fi nauyi. Watan Oktoba hatsi ya zo gida, kuma lokacin ne ya fi araha, don kowa na kaiwa kasuwa. Tiyar da ka saida da kaka, ita za ka koma nema da damina, da tsada. Wata shekara har ninki. A lokacin ga noma, ga rumbu ba kome. Yaron da anka saya ma sak mai hoto da kaka, shi ne zai kwana da yunwa a watan Yuli. Yaro mai yunwa ba shi jin malam.

Saboda haka, kafin a taɓa rumbu, maigida da uwargida su zauna su yi shawara. Damma nawa munka samu? Baki nawa ke ci a gidan ga? Wata nawa hatsin zai kai mu? In bai kai ba, kada a saida ko tiya guda don kayan lakwal.

Allah ya ba ƙasarmu wasu abubuwa na saidawa. Yankin Gazawa da Agye da Cadawa ya yi suna da noman aya. Ga wake, ga gujiya, ga riɗi, ga yakuwa. Ga harawa. Ga kaji da zabbi. Zakara guda ko biyu suna iya ɗauke allo da kaye da alli. A fara da waɗanga, a bar hatsi na baki.

Hanya mafi kyau ita ce tanadi tun da wuri. Ku rubuta wannan ma. In an aje dala ashirin ko wane mako, watau 100, cikin mako 30 an tara 3000, jika uku ke nan. Ya ishi kayan misalinmu, har da saura. Matanmu sun san wannan hanya. Asusun Mata Masu Dubara nan jihar Maradi ya fara, a shekarar 1991, tare da ƙungiyar CARE. Daga nan dubarar ta bazu cikin ƙasashen Afirka da yawa. Wadda ke cikin asusu ta tuna da buɗe lakwal ran da ake rabo.

Bashi mai ruwa kuwa, a guje shi. Kada a ci bashin da za a biya da hatsi sabo don sayen abin da zai iya jira.

Kuma kada a kashe kuɗin duka cikin Oktoba. Alli zai ƙare. Kiriyon zai ɓace. Watan Disamba da Janairu ga ɗari, ga ƙura, yaro zai fita da sassafe. Zai bukaci riga mai kauri da man shafawa. A rage wani abu don wannan.

CIKIN KASUWA

Gazawa tana bisa babbar hanyar kwalta mai lamba 1, tsakanin Agye da Tasawa. Kaya suna zuwa daga Maradi, suna zuwa daga Najeriya. Ga shawara biyar.

Ɗaya, ku tafi da takardarku. Abin da kunka saya, ku ja mishi layi. Abin da ba shi cikin takarda, ku wuce shi.

Biyu, ku tambayi rumfa uku kafin ku saya. Ku rubuta kuɗin ko wace.

Uku, kada ku jira kasuwar ƙarshe kafin buɗewa. Ranar kowa na nema, mai kaya ba shi ragi.

Huɗu, ku haɗa kai. Uwaye goma su tara kuɗi, su aiki mutum guda mai amana kuma mai karatu. Shi sayo kaye ƙunshi guda, alli kwali guda, a raba. Sari ya fi sayen ɗai ɗai sauƙi, kuɗin mota kuma na mutum guda ne. Hannu ɗaya ba shi ɗaukar jinka.

Biyar, in ciniki da naira ne, ku tambayi canjin ranar wurin mutum biyu. Naira tana hawa tana sauka. Canjin makon jiya ba shi ne na yau ba.

Ku tuna kuma, araha ba ta ado. Takalmin da zai tsinke cikin mako biyu ya fi mai ƙarfi tsada, don sau biyu za a saye shi.

KU RUBUTA SUNAN YARO

In kun komo gida, ga aikin da zai faranta muku rai. Ku rubuta sunan yaro bisa ko wane abu: bayan allo, bangon kaye, gindin gora, cikin sak. Allunan yara duka kama guda gare su. Wanda ba shi da suna, ran farko zai ɓace.

Ku rubuta a gaban yaron, da manyan baƙaƙe. Ku nuna mishi baƙin farko, ku ce: "Ka ga wannan? Naka ne." Kalmar farko da zai gane a duniya, sunanshi ne, kuma da hannun uwarshi ko na ubanshi. Tun shekarar 1963 ƙasarmu ke da ma'aikatar yaƙi da jahilci. A shekarar 2025 an ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Rubutun da kuke koya da dare abu ne mai daraja. Ku sa shi aiki.

KU JE KU GA ƊAKIN

Kayan sak ba su ne duka ba. Ranar farko ku raka yaro da kanku, ku ga inda zai zauna.

Ba mu manta ba. A watan Afirilu na 2021, wuta ta kama azuzuwan zana a wata lakwal ta Yamai, yara wajen 20 sunka rasu, mafi yawansu ƴan jardan. Ran 8 ga watan Nuwamba na wannan shekara, irin haka ta faru cikin birnin Maradi, yara aƙalla 25 sunka rasu. Allah shi jiƙansu, shi ba uwayensu haƙuri. Bayan wannan ne gwamnati ta hana sa ƴan jardan cikin azuzuwan zana da kara.

To, ku duba. Da mi anka yi ɗakin? Ƙofa nawa gare shi? In wani abu ya faru, ƙananan yara suna iya fita da sauri? Akwai mai tuya ko mai ƙona shara kusa? Akwai rijiya buɗe ko rami mai ruwa a hanya? Yaro zai ƙetare kwalta? In zai ƙetare, wa zai riƙe hannunshi? Abin da kunka gani wanda bai kwanta muku ba, ku kai shi taron kwamiti. Ku faɗa da ladabi, amma ku faɗa. In aikin gayya ne, na bulo ko na shinge, mu fito mu yi. Ɗiyanmu ne ke ciki.

ƊIYA MACE DA ƊA NAMIJI

Wani gida in kuɗi sun yi kaɗan, sai a saya ma namiji, a ce mace ta jira baɗi. Baɗi ta zo, an ɗora mata tallar ƙosai ko goyon ƙane. Shi ke nan, lakwal ta wuce ta.

Allon mace da allon namiji kuɗinsu ɗaya. In kuɗin ba su isa sak biyu ba, a bar sak, a sayi allo biyu. A watan Disamba na 2017 gwamnati ta fidda doka don kare karatun ɗiya mace. Amma doka ba ta shiga kasuwa. Uba ne ke shiga, uwa ce ke shiga. Ku uwaye mata da ke zaune ajin dare yanzu, kun san abin da rashin karatu ya sa kunka sha a gidan likita da tashar mota. Kada ɗiyarku ta sha irinshi.

Yaro mai naƙasa shi ma a kai shi. A gaya ma malama halinshi, ta san inda za ta zaunar da shi.

BAYAN SAYE

Ko wace safiya yaro shi karya kumallo kafin shi fita: koko, ko fura, ko ɗumame. In da hali a sa mishi ƴar gujiya ko ƙuli-ƙuli cikin sak. Ya fi a ba shi kuɗin alawa.

In ya komo, ku buɗe sak tare. Allo na nan? Gora na nan? A wanke gora, a rataye sak bisa ƙusa, inda awaki da ƙanne ba su kai. Akuya tana cin kaye. In wani abu ya ɓace, ku yi tambaya a hankali, kada ku kai hannu. Yaron da anka buga don kiriyon shina iya tsanar lakwal duka.

Ku ce mishi: "Nuna mini abin da kunka yi yau." Ko da zane ne karkatacce, ku yaba. Da marece ku ɗauko allonku, shi ɗauko nashi, ku zauna tabarma guda. Sannu sannu ba ta hana zuwa.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA A AJI

1. Ina za mu fara zuwa, lakwal ko kasuwa? Don mi?
2. Waɗanne takardu biyu ne yaro ke bukata?
3. Ku faɗi abu uku da gida ke iya yi ba tare da kuɗi ba.
4. 750 dala nawa ce? Dala ɗari da ashirin, wace lamba ce?
5. Wata uwa tana da 2000. Ta sayi allo 300, kaye 150, takalmi 750. Nawa ya rage mata?
6. A garinku, yara nawa sunka isa shiga lakwal bana? Nawa ke da takardar haifuwa? Ku ƙirga, ku rubuta, ku kai ma kwamiti.

Malamai, ku sa ko wane ɗalibi shi rubuta takardar kayan ɗanshi da hannunshi, shi karanta ta gaban aji.

Jama'a masu saurare, nan za mu dakata. Wanda ya ji, shi gaya ma wanda bai ji ba. Allah shi raya mana ɗiyanmu, shi ba su ilimi mai amfani, shi tsare su a hanya. Sai mako mai zuwa war haka, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya. Wassalamu alaikum.